Wasiƙa: Cawood Ledford, Muryar da Ta Yi Shekara 39 Tana Kai Wasa Gidajen Mutanen Kentucky

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani mutum wanda da yawa cikin masu karatu ba su taɓa jin sunansa ba, amma sana'arsa ta shafi abin da babu gidan Bahaushen da bai san shi ba, wato rediyo. Sunansa Cawood Ledford, Ba'amurke ɗan jihar Kentucky, wanda ya shafe shekara 39, daga 1953 zuwa 1992, yana kawo wa mutanen jiharsa wasannin Jami'ar Kentucky kai tsaye ta rediyo. Shafukan wasanni na jaridunmu kullum cike suke da labarin 'yan wasa da masu horarwa da maƙudan kuɗin da ake kashewa a kansu, amma da wuya a waiwayi mutumin da ke zaune a bakin fili da makirfo a gabansa, alhali kuwa ta bakinsa ne mafi yawan magoya baya suke sanin abin da ke gudana. A ganina tarihin wannan mutum ya cancanci a karanta shi, kuma akwai abin da gidajen rediyonmu za su amfana da shi a ciki.

Kafin a fahimci girman aikinsa sai an san matsayin wasannin jami'a a Amurka, domin ya sha bamban da abin da muka saba gani. A can, ƙungiyar jami'a takan tara 'yan kallo dubu ashirin ko fiye a wasa ɗaya, kuma mutanen da ba su taɓa taka ƙofar jami'ar ba suna ɗaukar ƙungiyar a matsayin tasu. A Kentucky abin ya fi tsanani, saboda tun da ƙungiyar Colonels ta birnin Louisville ta rushe a 1976 jihar ba ta da wata ƙungiyar ƙwararru a manyan gasannin ƙasar. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar, wadda ake kira Wildcats kuma take birnin Lexington, ita ce abin alfaharin da ya haɗa manomin taba da mahaƙin kwal da ɗan kasuwar birni. Jihar tana da gundumomi 120, da yawansu a cikin duwatsu masu wuyar shiga, kuma filin wasan Rupp Arena da aka buɗe a 1976 mutum kusan dubu 23 kacal yake ɗauka a zamanin Ledford. Sauran jama'ar jihar, wato miliyoyi, sai dai su kunna rediyo.

Ledford ɗan cikin waɗannan duwatsun ne. An haife shi ranar 24 ga Afrilu, 1926, a gundumar Harlan da ke kudu maso gabashin jihar, mahaifinsa kuma mahaƙin kwal ne. Harlan ta yi suna a tarihin ƙwadago na Amurka saboda zubar da jinin da aka yi a shekarun 1930 tsakanin ma'aikatan haƙar kwal masu neman kafa ƙungiya da masu kamfanonin da suka hana, kuma yanki ne da talauci ya daɗe da yi wa katutu. Ya yi aikin soja a rundunar kundumbala lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi karatu a kwalejin Centre da ke garin Danville, ya dawo gida ya ɗan taɓa koyarwa a makarantar sakandare, sannan a 1951 ya shiga ƙaramar tashar garinsu mai suna WHLN yana kawo wasannin 'yan makaranta. Wannan mafarin yana da muhimmanci a wurina. Ya koyi sana'ar ne a gaban masu sauraren da suka san shi suka san iyayensa, waɗanda idan ya yi kuskuren sunan ɗan wani yau, gobe za su tare shi a hanya su gyara masa.

A 1953 ya koma Lexington ya fara kawo wasannin jami'ar, kuma ya tarar da ita cikin wani mawuyacin hali. A 1951 an gano cewa wasu tsofaffin 'yan wasanta na ƙwallon kwando sun karɓi kuɗi daga hannun 'yan caca domin su rage tazarar makin da za su ci da shi, kuma binciken da ya biyo baya ya sa ƙungiyar ba ta buga wasa ko ɗaya ba a kakar 1952 zuwa 1953. Da ta dawo fili a kakar farko ta Ledford, a ƙarƙashin shahararren mai horarwa Adolph Rupp, sai ta buga wasa 25 ta cinye duka. A wancan zamanin tashoshi da dama ne ke kawo wasa ɗaya a lokaci guda, kowace da nata mai sharhi, mai saurare kuma shi ke da zaɓi. Akwai gwanaye irin su Claude Sullivan, wanda ya rasu a 1967 yana da ƙuruciyarsa. Saboda haka babu wanda ya ɗora Ledford a kan kujerar da rana tsaka. Shekaru ya yi yana gogayya da wasu kafin jami'ar ta mayar da hakkin watsa wasanninta hannu ɗaya a ƙarshen shekarun 1960, ya zama shi kaɗai ne muryarta.

Abin da ya faɗaɗa sunansa shi ne komawarsa tashar WHAS ta Louisville a 1956, inda ya yi fiye da shekara 20. Tasha ce mai ƙarfin wat dubu 50 a kan lamba 840 ta matsakaicin zango, tana kuma cikin 'yan tashoshin da hukuma ta keɓe wa zangonsu da dare don kada wata ta shiga musu. Duk wanda ya saba kama tashoshin nesa da daddare ya san sirrin: bayan faɗuwar rana, igiyar matsakaicin zango takan bugi wani sashe na sararin samaniya ta dawo ƙasa a wuri mai nisan gaske, ta yadda tashar da da rana ba ta wuce maƙwabta ba, da dare sai a ji ta a jihohi masu yawa. Wannan ya zo daidai da lokacin da injuna suka fara karɓe aikin haƙar kwal daga hannun mutane, 'yan gabashin Kentucky suka riƙa kwarara zuwa masana'antun Ohio da Michigan neman abinci. Gundumar Harlan da ke da mutum sama da dubu 75 a 1940, a ƙidayar 2020 ba ta kai dubu 27 ba. Ga waɗannan 'yan ci-rani da ke zaune a Detroit ko Cincinnati ko Dayton, muryar Ledford da dare ita ce gida. Sukan fita su zauna cikin mota a tsananin sanyi, domin rediyon mota ya fi kama tashar, su saurari ɗan garinsu yana ba su labarin yaran jiharsu.

Yanzu bari in zo ga sana'ar kanta, domin a nan ne nake ganin ya kamata matasan masu sharhinmu su tsaya su yi nazari. Ƙwallon kwando wasa ne mai tsananin sauri. Mutum biyar ne a kowane ɓangare, minti 40 ake yi a matakin jami'a, an raba gida biyu, kuma ƙwallo takan sauya hannu sau da yawa cikin 'yan daƙiƙoƙi, maki kuma yana iya haura 80 ko 100. Mai sauraren rediyo a irin wannan wasa tamkar makaho ne riƙe da sandar ɗan jagora: inda aka ja shi nan zai bi, idan kuma ɗan jagoran ya shagala da surutu ya manta da hanya, ya bar shi a tsakiyar titi. Ledford ya riƙe wannan amanar da kyau. An san shi da gaya wa masu saurare tun farkon wasa ɓangaren da ƙungiyar take fuskanta, ko daga hagu zuwa dama ko daga dama zuwa hagu a kan fuskar rediyonsu, domin kowa ya shimfiɗa filin a zuciyarsa. Daga nan sai ya bi ƙwallo, ya faɗi wanda ke riƙe da ita, da inda yake tsaye, da wanda ya tare shi, ya kuma riƙa maimaita maki da sauran lokaci domin wanda ya kunna rediyo a tsakiyar wasa kada ya daɗe cikin duhu. Muryarsa a sarari take, kalmominsa a tsabtace, kuma yana da ɗaga murya a inda ya dace da sauke ta a inda ya dace, ta yadda idan ya ɗaga ta mai saurare ya san lallai wani abu ya faru. Ihu daga farko har ƙarshe yakan sa duk mintocin wasa su zama iri ɗaya a kunnen mai saurare, kuma wannan shi ne ciwon da ya fi damun masu sharhi da yawa a yau. Hujjar ƙwarewarsa ita ce al'adar da ta kafu a jihar bayan talabijin ya yawaita: mutane sukan kunna talabijin su kashe sautinsa, su kunna rediyo a gefe, su kalli hoton da idonsu amma su saurari bayanin daga bakinsa.

Amma abin da ya fi ƙwarewar harshe daraja a wurina shi ne gaskiyarsa. Kowa ya san Ledford yana son Kentucky ta ci, bai taɓa ɓoye wannan ba, kuma da yardar jami'ar yake zaune a kan kujerar. Duk da haka an shaide shi da cewa idan ƙungiyar tana wasan banza zai faɗa a fili, idan abokan karawa sun fi ta iyawa a ranar zai yaba musu, ba zai ɗora wa alƙalin wasa laifin da yake na 'yan wasa ba. Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ni ban ɗauke shi ƙarami ba, domin matsin da ke kan mai sharhin ƙungiyar gida yana da yawa: magoya baya suna son su ji abin da zai faranta musu rai, masu horarwa ba sa son suka, masu talla suna son kowa ya kasance cikin nishaɗi. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya koma yi wa ƙungiya kirari, ya mayar da kowace nasara bajinta, kowane rashin nasara kuma zalunci. Wanda ya bi wannan hanya zai sami tafi na ɗan lokaci, sai dai ranar da ya ce an yi wasa mai kyau babu wanda zai gaskata shi, saboda jiya ma da aka yi mummuna haka ya ce. Mahaƙin kwal da ke saurare a Harlan ba shi da wata hanyar tantance abin da ya faru a fili sai abin da aka gaya masa, kuma ruɗin irin wannan mutum cin amana ne ko da a kan wasa ne. Yabon Ledford yana da nauyi ne domin mutane sun san ba ya rabon sa kyauta.

Ba zai yiwu a ba da tarihin waɗannan shekaru a tsallake batun launin fata ba. A shekarunsa na farko ƙungiyar da yake kawo wasanninta ta farar fata ce zalla, kamar sauran manyan jami'o'in kudancin ƙasar. Ranar 19 ga Maris, 1966, Kentucky ta kara da kwalejin Texas Western a wasan ƙarshe na gasar jami'o'in ƙasar, abokan karawar suka fito da baƙar fata biyar a sahun farko, suka doke ta da maki 72 da 65. Wannan wasa ya shiga tarihin fafutukar 'yancin baƙar fata. A 1967 Nate Northington ya buga wa jami'ar zari-ruga irin na Amurka, ya zama baƙar fata na farko da ya buga wannan wasa a rukunin manyan jami'o'in kudu maso gabas, ƙwallon kwando kuwa sai a 1970 Tom Payne ya fara buga mata. Jinkirin abin kunya ne ga jami'ar, kuma duk mai son ta ya kamata ya amsa haka. Muryar da ta kawo wasannin wancan zamanin ita ce dai ta kawo wasan ƙarshe na 1978, ranar da Jack Givens, baƙar fata haifaffen Lexington, ya ci maki 41 shi kaɗai, Kentucky ta doke jami'ar Duke da 94 da 88 ta ɗauki kofi a ƙarƙashin mai horarwa Joe B. Hall. Mutanen da suka saurari wasan 1966 a ƙauyukan jihar su ne suka yi tsalle da sunan Givens bayan shekara 12.

Aikinsa bai tsaya ga ƙwallon kwando ba. Ya kawo wasannin zari-rugar jami'ar tsawon waɗannan shekaru, duk da cewa ƙungiyar ta fi shan kashi fiye da nasara, ya kuma yi fice a sharhin sukuwa, inda ya kawo wa ƙasa baki ɗaya shahararriyar sukuwar Kentucky Derby ta kafar CBS shekaru da dama. Haka nan an sha ɗaukarsa ya kawo zagayen ƙarshe na gasar jami'o'i ga dukkan Amurka. Da irin wannan suna, hanyar komawa manyan birane a buɗe take gare shi, amma ya zauna a jiharsa.

Gwaji mafi tsanani ya zo ne dab da ƙarshen aikinsa. A 1988 aka sami wani ƙunshin saƙo ɗauke da dala 1,000 da aka aika wa mahaifin wani matashin ɗan wasa da jami'ar take zawarci, abin da dokar gasar ta haramta. Bincike ya tono wasu laifuffukan, mai horarwa Eddie Sutton ya ajiye aiki a 1989 bayan kakar da ƙungiyar ta ci wasa 13 ta faɗi 19, hukumar gasar kuma ta hana ta shiga gasar ƙasa na shekara biyu, ta hana nuna wasanninta kai tsaye a talabijin na kaka guda. Manyan 'yan wasa suka watse. Waɗanda suka tsaya yawancinsu yaran ƙananan garuruwan jihar ne da ba a ɗauke su a bakin komai ba: Richie Farmer daga Manchester, John Pelphrey daga Paintsville, Deron Feldhaus daga Maysville, sai Sean Woods daga Indianapolis ta jihar Indiana. Sabon mai horarwa Rick Pitino ya karɓe su a haka. A kakar 1989 zuwa 1990 rediyo ya sake zama kafa ɗaya tilo ta bin wasa kai tsaye ga wanda ba ya cikin fili, kamar yadda yake a 1953. Cikin watan Disambar 1989 jami'ar Kansas ta lallasa su da maki 150 da 95, kuma Ledford ne ya zauna ya karanta wa jiharsa wannan kashin maki bayan maki. A kakar suka ci 14 suka faɗi 14, a ta gaba suka ci 22 suka faɗi 6.

Wasansa na ƙarshe a matsayin muryar jami'ar shi ne wanda masana da yawa suke kira mafi ƙayatarwa a tarihin ƙwallon kwandon jami'o'i. Ranar 28 ga Maris, 1992, a filin Spectrum na birnin Philadelphia, waɗannan yara huɗu da suka ƙi guduwa, tare da matashi Jamal Mashburn, suka haɗu da Duke mai riƙe da kofi, a wasan da wanda ya ci zai shiga sahun huɗun ƙarshe. Lokaci ya cika suna kunnen doki, aka shiga ƙarin minti biyar. Saura daƙiƙa 2.1 a tashi, Sean Woods ya jefa ƙwallo ta bugi allo ta faɗa kwando, Kentucky ta shiga gaba da 103 da 102. Duke ta nemi hutu. Da aka dawo, Grant Hill ya tsaya a ƙarshen fili ya wurga ƙwallo kusan tsawon filin duka, Christian Laettner ya cafe ta yana bai wa kwando baya, ya buga ta ƙasa sau ɗaya, ya juya ya jefa, ta shiga daidai da ƙarar tashi. Aka tashi 104 da 103. Laettner bai ɓarar da jifa ko ɗaya ba a daren: goma cikin goma a cikin wasa, goma cikin goma a jifan da ake ba ɗan wasa idan an yi masa ƙeta.

Ina roƙon mai karatu ya duba halin da mai sharhin yake ciki a wannan lokaci. Ya riga ya sanar cewa wannan ce kakarsa ta ƙarshe, saboda haka jifan Laettner ya rufe kakar ƙungiyar ya kuma rufe aikinsa na shekara 39 a daƙiƙa guda. Duk da haka ya faɗi abin da ya faru kamar yadda ya faru, ya ba da maki, ya ci gaba da shirin bayan wasa. Sai wani abu ya auku wanda ba a saba gani ba: mai horar da Duke, Mike Krzyzewski, ya bar murnar 'yan wasansa ya nufo teburin rediyon abokan hamayya, ya nemi a ba shi dama ya yi magana da mutanen Kentucky, ya yaba wa yaransu ya nuna alhininsa a kan yadda abin ya ƙare musu. Krzyzewski ya san cewa in ana son magana ta isa kunnen jihar nan gaba ɗaya a daren, to a gaban wannan makirfon za a faɗe ta. Ban san wata lambar girma da ta kai wannan shaida ba.

Bayan ya ajiye aiki, Ralph Hacker, wanda ya yi shekara 20 yana zaune gefensa yana taya shi sharhi, ya gaje shi, daga bisani Tom Leach ya karɓa. Shi kuwa ya koma Harlan inda ya fito, yana kiwon ƙananan dawaki. An zaɓe shi gwarzon mai sharhin wasanni na jihar fiye da sau 20, a 1994 zauren tunawa da gwarazan ƙwallon kwando na Amurka ya ba shi lambar Curt Gowdy, jami'ar kuma ta rataye tuta da sunansa a rufin Rupp Arena cikin tutocin 'yan wasa da masu horarwa. Ya rasu ranar 5 ga Satumba, 2001, yana da shekara 75, bayan fama da ciwon daji, aka sa wa dandamalin da ake buga wasa a filin sunansa, aka zana hoton makirfo a gefen da yake zama. Cikin duk abin da ke ɗauke da sunansa, wanda ya fi kwanta mini shi ne asusun tallafin karatu da aka kafa domin tsofaffin 'yan wasan jami'ar da lokacin wasansu ya ƙare ba su kammala digiri ba, su dawo su ƙarasa. Tsarin wasannin jami'a a Amurka ya daɗe yana cin moriyar matasa ya watsar da su, kuma wannan asusu yana rage wani abu daga cikin wannan zalunci.

Ya Edita, ba ina kira ba ne mu kwaikwayi tsarin Amurka ɗungurungum. Abin kunyar 1951 da na 1988 sun isa nuna abin da kuɗi da caca ke yi wa wasan ɗalibai, kuma yanzu da cacar wasanni ta shiga wayoyin matasanmu, wannan gargaɗi ne da ya shafe mu kai tsaye. Abin da nake kira a kai ya fi wannan sauƙi. Muna da jama'ar da rediyo ya zama musu abokin zama, a gona da kasuwa da tasha. Muna da wasannin gida: gasar jami'o'in Nijeriya ta NUGA tana nan tun 1966, Zariya ta daɗe da zama matattarar ƙwallon kwando har ta rene mutum irin Masai Ujiri wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwararrun ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019, Kano Pillars kuma ta ɗauki kofin gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa sau huɗu tsakanin 2008 da 2014. Jami'o'inmu da dama suna da sashen koyar da aikin jarida, wasu har da tashar rediyo a harabarsu. Amma awannin wasanni a tashoshinmu sun fi tafiya a kan gasar Ingila da ta Sifaniya, wadda mai gabatarwa da mai saurare duk a allo ɗaya suka gan ta. Matashin da ya san sunayen 'yan benci na wata ƙungiyar Landan sau da yawa ba zai iya kawo sunan mutum uku a ƙungiyar jami'ar garinsu ba, kuma laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, domin ba a kawo masa wasan ba balle ya so shi.

Ƙasar nan ta san daɗin wannan sana'a. Waɗanda suka manyanta suna tuna marigayi Ernest Okonkwo na Rediyon Nijeriya, wanda ya rasu a 1990, da yadda laƙabin da ya raɗa wa 'yan ƙwallon ƙafa Segun Odegbami da Christian Chukwu suka bi su har yau. Da Hausa ma an yi masu sharhi a tashoshin Kaduna da Kano da sauran jihohi waɗanda suka ƙago kalmomin da muke bayyana wasa da su yanzu. Irin wannan gwaninta ba ta samuwa a kaka ɗaya ko biyu. Ledford ya fara da wasan 'yan sakandare a ƙaramar tasha, aka bar shi a kan kujera ɗaya har ya ga masu horarwa huɗu, ya ga 'yan wasan da ya kira sunayensu sun zama iyaye da kakanni. Tashar da ke sauya mai sharhi duk shekara, ko ta bar shi ya biya wa kansa kuɗin mota zuwa fili, kada ta yi tsammanin samun irinsa. Ina kira ga tashoshin jami'o'inmu su fara kawo wasannin ɗalibansu kai tsaye da Hausa, su sa ɗaliban aikin jarida a kan makirfo ƙarƙashin kulawar tsofaffin hannu, su kuma adana abin da aka naɗa. Ina kuma kira ga shugabannin ƙungiyoyi su daure wa mai sharhin da ya ce yau an yi wasan banza, kada su nemi a cire shi.

Roƙona gare ka kuwa shi ne ka ware fili a shafin wasanni, ko sau ɗaya a wata, ka tura wakilinka ya nemo tsofaffin masu sharhin wasanni da Hausa da suke raye, ya zauna da su ya ji yadda suka fara, da wasannin da suka kawo, da waɗanda suka koya a wurinsu, a buga da sunayensu da hotunansu.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya